Sadore, inda aka koya wa rairayi shan ruwa da ɗigo

Wanda ya bar Yamai da sassafe a watan Afrilu, ya haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, abu na farko da zai gani kafin gari ya gama wayewa shi ne masu garka a bakin kogin Isa, kowane da arozuwa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna gangarawa bakin ruwa suna hawowa. Ba su tsayawa hira. Kafin rana ta ɗaga sai kowane fage na salati da shu ya sha, da la'asar kuma a sake komawa, sai ka ce ba a taɓa zuba masa komi ba. Ya kamata matafiyi ya dube su da kyau kafin ya wuce, domin wurin da ya nufa, wato Sadore, can ne aka taɓa zama aka ƙidaya wannan kai da kawowa awa bayan awa, aka kuma gwada ko akwai wata hanya da ta fi ta.

Hanyar Say ake bi, a nufi kudu. Da an wuce gidajen ƙarshe na birni sai kogi ya ɓace wa ido ta hannun hagu, hanya ta riƙa hawa tudun marmara tana sauka cikin rairayi, sabara da geza da kalgo suna biye da ita gefe da gefe, ga guntayen karan hatsin bara a gonaki, ga shanun Fulani suna kalar abin da ya saura. Bayan tafiyar kilomita 40 da ƴan kai sai a iso Sadore, cikin gundumar Say ta jahar Tilaberi. Ƙauye ne da ba don dalili ɗaya ba da ba a san sunansa nesa ba: a gefensa ne cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ake kira ICRISAT, wadda babbar hedikwatarta ke kusa da Haidarabad a ƙasar Indiya, ta kafa reshenta na Sahel a farkon shekarun 1980, bisa fili mai faɗin hekta 500.

Ƙasar wurin ba ta da abin yabo, kuma nan ne amfaninta ga masu bincike yake. Idan aka damƙi ta aka buɗe hannu sai ta zube ta tsakanin yatsu. Fiye da kashi 90 cikin 100 nata rairayi ne, tana da tsami, ba ta da isasshen sinadarin fosfor, ruɓaɓɓen ganye da ke sa ƙasa ta yi baƙi kuwa kusan babu shi. Ruwan sama na shekara yana kai wajen milimita 550, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, sauran watanni sai rana da iska. Mutumin Tasawa ko Gazawa, ko na Matamai da Magariya, in aka kawo shi nan ba zai ga baƙon abu ba, domin ƙasar gonar ubansa ce: jigawa. Hatsi da wake da gujiya sun san yadda za su yi da ita da damina. Amma tun kaka da kakanni an yanke mata hukunci game da noman rani, cewa garka ta fadama ce da bakin gulbi, jigawa kuwa ta jira ruwan Allah.

Hukuncin nan ba na jahilci ba ne, kuma lissafin masana ya gaskata shi. Ƙasa kamar tulu take ga shuka, kowace iri da yawan ruwan da take iya riƙewa. Idan aka yanki ƙasa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, rairayi zai riƙe wa shuka tsakanin lita 50 da lita 100 na ruwa, alhali ƙasa mai gauraye da laka tana riƙe lita 130 zuwa 180. To amma saiwar salati da albasa ba ta kai zurfin mita, abin da take ci bai wuce santimita 30 na sama ba. Ke nan a jigawa tulun da shuka ke sha daga ciki bai fi lita 15 zuwa 30 ba a kowace mita murabba'i, kuma ko a cikin wannan, wajen rabi ne take zuƙa cikin sauƙi, sauran sai da wahala. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rana da iska da ganye suna iya kwashe lita 8 a yini daga wannan mita ɗin. Kowa ya iya kasafi ya ga inda maganar ta nufa: kwana ɗaya, in an yi sa'a biyu, tulu ya ƙafe.

Abin da mai garka ke yi don ya tsare kansa shi ne ya zuba da yawa. Nan kuma asara ta biyu take. Rairayi ba ya ƙin ruwa, karɓa yake da hannu biyu, sai dai ba ya ajiya. Duk abin da ya wuce cikin tulun sai ya zarce ƙasa, ya wuce inda saiwa za ta same shi, kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, yakan tafi da takin zamani da aka saya da tsada, musamman ure, wanda ke narkewa nan da nan. Shuka sai ta zauna tsakanin hali biyu, da safe ambaliya, da azahar ƙishirwa. Tumatir da ke cikin wannan hali yakan zubar da fure, wanda ya ɗaure kuma ya tsage ko gindinsa ya yi baƙi. Mai garka ya ga ya zuba ruwa, ya ga ya zuba taki, ya rasa inda kuɗinsa suka shiga, alhali suna can ƙarƙashin ƙafarsa, kamu biyu ko uku ƙasa da saiwa.

Maganin abin yana cikin kowane gida, ba a dai lura ba ne. A dubi gindin randar da ke tsatsafa a tsakar gida: ko da rani ya kai rani, za a ga ɗan tsiro kore shar a wurin, alhali ba wanda ya taɓa ba shi ko moɗa ɗaya. Irin wannan lura ce ake ba da labarin wani injiniyan ruwa mai suna Simcha Blass ya yi, da ya ga itace guda ya fi ƴan'uwansa girma, ya tona ya tarar da bututu yana yoyo a gindinsa. Ya daɗe yana neman yadda za a mai da yoyon nan sana'a, har zamanin roba ya zo. A shekara ta 1965 shi da mutanen wani ƙauyen noma mai suna Hatzerim, cikin hamadar Negeb ta Isra'ila, suka kafa kamfanin Netafim, daga nan ban ruwa na ɗigo, wanda masu Faransanci ke kira gut-a-gut, ya bazu cikin duniya. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Siririn tiyo baƙi ne ake shimfiɗawa a bin layin shuka, a jikinsa akwai ƙananan kafofi a jere, kowace kafa tana sakin ruwa ɗigo bayan ɗigo daidai gindin tsiro. Tsakanin layi da layi ƙasa busassa take, ciyawa ba ta samun abin sha, ganye ba ya jiƙa balle cuta ta kama shi.

A rairayi ne wannan dabara ta fi nuna kanta, saboda ta bi halin ƙasar maimakon ta yi faɗa da shi. Tun da tulun ƙarami ne, sai a riƙa cika shi kaɗan-kaɗan kullum, ba a bari ya ƙafe, ba a kuma bari ya tumbatsa. Masana ban ruwa kan ƙiyasta cewa a hanyar ɗigo, in an bi ta daidai, wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da aka saki yana isa ga shuka, a hanyar kwararo cikin kwali da lambatu kuwa wajen kashi 60, kuma a jigawa abin ya fi haka muni, don tun a lambatun rairayi ke fara shan rabonsa. Takin da ke narkewa ma ana iya zuba shi cikin tanki, ya riƙa bin ruwa yana zuwa da ɗan abin da shuka za ta iya ci a yinin. Sai dai rairayi yana da nasa sharaɗi. Idan aka tona ƙarƙashin kafar ɗigo a ƙasar laka za a ga danshi ya bazu gefe da gefe, ya yi siffar albasa. A rairayi kuwa miƙewa yake ƙasa siriri, kamar karoti. Saboda haka tiyon da aka ƙera don laka, mai kafofi nesa da juna, in aka kawo shi jigawa sai a ga tsiro ɗaya ya ƙoshi, na kusa da shi yana yaushi. Jigawa tana son kafofi kusa-kusa, santimita 20 zuwa 30, da buɗe ruwa na ɗan lokaci sau da yawa. Wanda ya buɗe famfo ya tafi kasuwa ya bar shi awa huɗu, ya koma gidan jiya, sai dai wannan karon da tiyo mai tsada.

Matsalar ita ce, kayan da aka ƙera don manyan gonakin Isra'ila da Amurka suna bukatar injin mai tura ruwa da ƙarfi, kwatankwacin ƙarfin ruwan da ya gangaro daga tsawon mita 10, da lantarki ko man da zai juya injin. Talaka mai garka ba shi da wannan. A shekara ta 2001 wani shehun malami daga jami'ar Ben-Gurion, Dov Pasternak, wanda ya shafe shekaru yana binciken noma da ruwa mai gishiri a Negeb, ya zo Sadore ya zauna wajen shekara goma. Shi da abokan aikinsa suka tsara abin da aka sa wa suna Garkar Kasuwa ta Afirka, wadda takardun furoje ke kira JPA. An ajiye injin tura ruwa gefe, aka ɗora tanki bisa tsawon mita ɗaya kacal, nauyin ruwan da kansa yake tura shi cikin tiyo. Babbar garka mita murabba'i 500 ce, da tanki mai cin lita 4000, wato lita 8 ga kowace mita a yinin da ya fi kowane zafi. Akwai kuma ƙarama, mai mita murabba'i 80, wadda duro guda mai lita 200 ke shayar da ita, a cika shi a sake cikawa. Tare da tiyon aka haɗa ka'idojin gyaran fage, da zuba takin gida da na zamani, da zaɓaɓɓen iri. A Sadore ɗin ne aka yi aikin tace irin tumatir mai jure zafi da damina da ake kira Icrixina, da kuɓewa mai suna Konni, aka yaɗa zogalen Indiya mai yawan ganye, da magaryar aure mai manyan ƴaƴa wadda aka yi wa laƙabi da tuffar Sahel. Pasternak ya rasu a shekara ta 2018.

Lita 4000 a takarda ba komi ba ce. A kafaɗa kuwa tan huɗu ce. In arozuwa tana cin lita 10, mutum yana ɗaukar biyu, sai ya yi sahu 200 tsakanin rijiya da fage kafin ya kai wannan adadi, ba a ma sa abin da ke zubewa a hanya ba.

Gwajin da ya fi dacewa ɗan kasuwa da ma'aikaci su sani an buga sakamakonsa a shekara ta 2011, kuma kyansa shi ne ba a yi masa kwalliya ba. An yanki filaye uku maƙwabtan juna cikin rairayin tashar, kowane mita murabba'i 500, aka shuka kuɓewa da gautar Turawa, wato obarjin. Na farko an ba shi ruwa da ɗigo, aka bi dukan sababbin ka'idoji. Na biyu an bi ka'idojin nan sak, iri ɗaya, taki ɗaya, amma da arozuwa ake ban ruwa. Na uku aka noma shi yadda masu garkar yankin suka saba. Da aka cire kuɗin da aka kashe, ribar gauta a kowace mita murabba'i ta kama dalar Amurka 1.7 a filin ɗigo, 0.8 a fili na biyu, 0.1 a na uku. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Wajen aiki kuwa, filin ɗigo ya ci awa 1.1 ta mutum ɗaya a yini, filin gargajiya ya ci awa 4.7, kuma an tarar kashi 80 cikin 100 na lokacin mai arozuwa a ɗaukar ruwa yake ƙarewa.

Masu tallar tiyo sun fi son a karanta lambar farko da ta ƙarshe, a ce ɗigo ya ninka riba sau goma sha bakwai. Wannan karatun zalunci ne. Lambar tsakiya ita ce mai magana. Ba tare da an sayi ko kamu ɗaya na tiyo ba, iri nagari da taki isasshe da shuka bisa tsari sun ɗaga riba daga 0.1 zuwa 0.8, ninki takwas ke nan. Sa'an nan ɗigo ya zo ya ninka wannan sau biyu da ɗoriya. Ninki biyu ba ƙaramin abu ba ne, duk ɗan kasuwar da aka ce wa jarinsa zai kawo biyun abin da ya saba ba zai yi barci ba. Amma ɗigo bisa wani abu ya hau. Ruwa ne kawai yake kawowa, rairayi kuwa ba ƙishirwa kaɗai ke damunsa ba, har da yunwa. Wanda ya shimfiɗa tiyo a jigawar da ba ta ga takin shanu ba, ya shuka irin da ya tsinta a ƙasan buhu, zai sami shuka mai ƙoshin ruwa, rammamiya. Ba abin mamaki ba ne cewa a wannan tasha ɗin ce aka yi aikin dabarar nan ta sa wa hatsi taki ɗan kaɗan a kowane rami, gram 6 na 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo, maimakon watsa shi ko'ina cikin gona. Tunanin ɗaya ne: ƙasar da ba ta ajiya, a ba ta kaɗan, a daidai wurin, a daidai lokacin.

Batun awa 1.1 da awa 4.7 kuma ya fi ƙarfin lissafin kuɗi. Abin da ke iyakance faɗin garkar talaka sau da yawa ba fili ba ne, ba ma ruwa ba ne, bayansa ne. Iyakar abin da zai iya shayarwa kafin rana ta take, shi ne iyakar garkarsa. Mace mai daka da girki da goyo, wadda ba za ta iya ba garka awa biyar a yini ba, tana iya ba ta awa ɗaya. Shi ya sa ƙungiyoyin mata suka fi kowa cin moriyar tsarin inda ya zauna, kamar a gundumar Kalale ta arewacin Benin, inda aka haɗa shi da famfo mai aiki da hasken rana tun daga shekara ta 2007.

To in haka ne, me ya sa har yanzu arozuwa ce ke mulki a bakin kogi? Furoje-furoje sun raba irin waɗannan garake masu yawa a Nijar da maƙwabtanta cikin shekarun 2000, kuma masu tsarin da kansu sun rubuta cewa da dama daga cikin waɗanda aka ba mutum ɗaya-ɗaya, a warwatse, ba mai bin sawu, an yi watsi da su. Dalilan ba manya ba ne, ƙanana ne masu naci. Kafar ɗigo ba ta fi kan allura da yawa ba. Ruwan rijiyar jigawa yana zuwa da ɗan yashi, tankin da aka bari a buɗe yana yin gansakuka, ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da tsatsa. Tsakanin tanki da tiyo akwai matata, wadda ke son a kwance ta a wanke kullum. Ran da mai garka ya gaji da wankewa, ya ga ruwa ya rage gudu, ya cire ta ya ajiye, ran nan ya sa hannu a takardar mutuwar garkarsa, ko da yake sai bayan wata ɗaya ko biyu zai gani. Kafofi su toshe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko ƙaya ya huda, hujin ya yi faɗi, na farkon layi ya yi ambaliya, na ƙarshe ya bushe. Ga ɓera da kurege, waɗanda da rani suka gane akwai ruwa cikin baƙar igiyar nan. Ga hauya da ke sare ta wajen noma. In mahaɗi guda na roba ya fashe, wanda kuɗinsa bai kai na goro ba, sai a zagaye kasuwar gari ba a samu ba, furojen da ya kawo kayan kuwa ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Daga nan tiyo ya zama igiyar ɗaurin akuya. Wannan ne ya sa daga baya aka koma haɗa masu garka wuri ɗaya, rijiya ɗaya, shinge ɗaya, malamin gona ɗaya yana zagayawa.

A nan akwai abin da ya shafi mai karatu kai tsaye. Ma'aikacin da ke rubuta kasafin furoje yakan sa kuɗin sayen kaya da kuɗin bikin ƙaddamarwa, ya manta kuɗin man babur ɗin malamin gona na shekara uku masu zuwa. Ɗan kasuwar Maraɗi kuwa, wanda ba abin da ba ya kawowa daga Kano da Kwatanu, in ya ajiye mahaɗai da matata da nadin tiyo a shagonsa yana sayarwa da mita, ya yi wa noman ɗigo abin da taron bita goma bai yi ba.

Rairayi yana da wasu makamai biyu da ba su bayyana a shekarar farko. Na ɗaya wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, masu shiga saiwar tumatir da kuɓewa da gauta su sa ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Sun fi son ƙasa mai sako-sako, kuma danshin da ba ya yankewa duk shekara aljanna ce gare su. Wanda ya maimaita tumatir bisa tumatir a layi ɗaya don ƙyashin ɗaga tiyo, zai ga amfani yana raguwa alhali ruwa bai ragu ba, magani kuwa shi ne sauya shuka da yawaita takin gida. Na biyu gishiri ne. Ɗigo yana tura gishirin da ke cikin ruwa zuwa gefen danshi, ya taru can ya yi farin zobe a kan ƙasa. A jigawa ruwan damina yakan wanke shi, wannan kam alheri ne na ƙasar da ba ta ajiya. Amma a wuraren kanwa, irin dallol da wasu kwaruruka na gabashin Damagaram, sai an ɗanɗana ruwan rijiya, an kuma kai shi awo, kafin a kashe ko tamma.

Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta yi kiran a duƙufa ga noman rani, hankali ya fi karkata ga fadamu da gulabe: Gulbin Maraɗi da filin Jiratawa, Maggiya da Konni da Galmi mai albasa, garaken Mirriya da Gidimuni. Waɗannan wurare sun cika, gado ya rarraba su, kuɗin haya ya hau, Gulbin Maraɗi kuma bai ƙara malala kamar da ba tun da aka datse shi a Jibiya. Abin da ya rage da faɗi shi ne jigawar da ke kewaye da su. Gwajin Sadore ya nuna cewa wannan ƙasa tana iya ba da kayan garka da riba, kuma araha da allunan hasken rana suka yi tun daga shekarun 2010 ta sauƙaƙa ɗaga ruwa zuwa tanki. Amma ba kowace shuka ce za ta biya kuɗin tiyo ba. Hatsi da dawa ba za su biya ba. Albasa, da yake dasa ta ake a cunkushe, tana cin layuka da yawa. Tumatir, tattasai, kuɓewa, gauta, kankana, zogale da itatuwan marmari su ne abokan tafiyarsa. Inda ruwa ke da zurfin gaba talatin ko arba'in kuwa, kuɗin rijiyar ne zai yanke hukunci tun kafin a zo maganar ɗigo.

Saura kasuwa, wadda ba ta san da wani tiyo ba. A Janairu da Fabrairu kowa yana da tumatir, kwando yana faɗuwa har mai shi ya rasa kuɗin mota, a yanka a shanya a kan rairayi. Wanda ya ninka amfaninsa a wannan lokaci ya ninka abin shanya ne. Ribar mai ɗigo tana cikin watannin da mai arozuwa ya sare, daga Afrilu zuwa faɗuwar ruwa, da kuma tsakiyar damina, lokacin da fadama ta cika da ruwa, tumatir ya yi wuya a Yamai har sai an shigo da shi daga waje. Jigawa ba ta kwanciyar ruwa, saboda haka a watan Agusta, in akwai irin da ke jure zafi da laima, tana iya ba da abin da fadama ba ta iyawa.

Mai komowa daga Sadore yakan iso Harobanda da la'asar sakaliya, daidai lokacin ban ruwa na biyu. Kogi ya ja baya a wannan wata, tsibiran yashi sun fito a tsakiyarsa, tazarar da ke tsakanin ruwa da fage ta ƙaru da taki ashirin ko talatin bisa ta watan Janairu. Waɗanda ke da hali sun sa motopompu, ana jin ƙararsa daga kan hanya, ruwa yana bulbulowa daga babban tiyo yana kwance ƴan tsiron salati. Sauran suna nan da arozuwarsu biyu, wando a naɗe har gwiwa, wasu fagagen na can nesa da ruwa an riga an sallama su sai sanyi ya dawo.